Masu Kaɗin Gilashi

Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsohuwa mai kaɗi, a Babura ne ko Roni ko ƙauyukan Gwiwa, ya san yadda abin yake. Za ta zauna bisa tabarma da taskira a gefe, ta dangwali alli da yatsu biyu, ta murza mazari ya tsaya da ƙafa ɗaya yana juyi. Hannun hagu yana sama riƙe da audugar da aka shiɓe, yana sakinta kaɗan-kaɗan. In ta saki da yawa zaren ya yi kauri ya koma abawa, in ta ja da garaje ya tsinke. Ba ta da ma'auni, yatsunta ne ke gaya mata komai. Kakata arafiya take kaɗawa, kuma masaƙa har gida suke biyo ta.

Ita nake tunawa idan ana maganar wasu masu kaɗi na daban, waɗanda audugarsu narkakken gilashi ne, zarensu kuma bai fi gashin kai kauri da yawa ba. Wannan zare ba a saƙa riga da shi. Aikinsa ɗaya ne: idan wata ƙwaya da ake kira nutiron ta faɗa cikinsa, sai ya ƙyasta ɗan haske, ya kuma ɗauki hasken ya kai shi can bakin zaren inda na'ura ke jira ta ƙirga. A faɗe abin da sauƙi. A aikace kuwa, wuraren da suka iya kaɗa shi da kyau a duniya ba su da yawa.

Sai mu fara da shi nutiron ɗin. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, a cikin cibiyar akwai firoton mai ɗauke da cajin lantarki, galibi kuma da nutiron wanda ba ya ɗauke da caji ko kaɗan. Wani Bature mai suna James Chadwick ne ya tabbatar da samuwarsa a Kambirij ta Ingila a 1932, kuma abin da ya sa aka daɗe ba a gano shi ba shi ne dai abin da ya sa har gobe kama shi ke da wuya. Ƙwaya mai caji duk inda ta bi sai ta bar sawu, kamar akuya a gonar da aka yi wa huɗa. Nutiron ba ya barin sawu. Yana ratsa ƙarfe, yana ratsa dalma, ya wuce abinsa ba sallama. Ba a ganin shi kansa, sai dai a haƙa masa tarko a ga abin da ya ɓarke bayan ya faɗa.

Mai karatu zai ce, to ina ruwanmu da shi? Da ruwanmu. Abubuwan da ke fitar da nutiron da yawa ba su cika yawo a banza ba. Fulutoniyam, wanda ake ƙera makamin ƙare-dangi da shi, yana zubar da nutiron dare da rana ba ya fasawa. Haka nan wasu 'yan gwangwanayen ƙarfe da kamfanonin mai ke zurawa cikin rijiya don sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. A ƙarshen 2002 irin waɗannan guda biyu sun yi ɓatan dabo a yankin Neja-Delta, ba a sake jin ɗuriyarsu ba sai a Jamus, cikin tarkacen ƙarafan da aka kai narkarwa. Yanzu ka dubi tirelolin gwangwan da ke tashi daga garuruwanmu, ka dubi yaran da ke tsintar ƙarfe da hannu ba safa, ka tuna Babura tana kan hanyar da ke miƙewa Baban Mutum ta faɗa Magarya. Abin da ke iya shiga cikin lodin ƙarfe ba ya da wari, ba ya da ƙara, mai ɗauke da shi ma bai sani ba. Na'urar da za ta ce “tsaya, akwai wani abu a motar nan” tun kafin a sauke kaya, ai ba kayan ado ba ce.

Shekaru da dama abin da aka dogara da shi wajen wannan aiki bututu ne cike da wata iska mai suna hiliyam-3. Tana aiki da kyau ƙwarai, matsalarta ita ce ba a haƙo ta kamar gas. Ana samunta ne daga tiritiyam da aka tara don makaman nukiliya, wanda rabinsa ke rikiɗa ya zama hiliyam-3 duk bayan shekara 12 da 'yan watanni. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 Amurka ta shiga kakkafa na'urorin bincike a iyakoki da tashoshin jiragen ruwa, buƙata ta yi tashin gwauron zabi, zuwa 2008 rumbu ya kusa ƙarewa, farashi ya ninka sau da yawa. Sai ido ya koma kan wasu dabarun. Ɗaya daga cikinsu tuni an riga an yi nisa da ita a cibiyar bincike ta PNNL da ke garin Richland a jihar Washington, dab da Hanford inda aka sarrafa fulutoniyam ɗin bom ɗin da aka jefa a Nagasaki. A can ne, a shekarun 1990, wata masaniyar gilashi mai suna Mary Bliss da abokan aikinta suka ƙware a kan kaɗa wannan zare, daga baya kamfanin Nucsafe na Oak Ridge ya shiga ƙera na'urori da shi.

Tarkon da ake haƙa wa nutiron shi ne litiyam, ma'adinin nan da ake yin batirin waya da shi, wanda yanzu ake ta haƙar dutsensa a Nasarawa da Kaduna. Amma ba kowane litiyam ba. Iri biyu ne a haɗe, mai nauyi 7 da mai nauyi 6, kuma na shidan, wanda shi ne mai haɗiye nutiron, bai wuce kashi 7 da rabi cikin 100 ba. Sai an tace an tace har ya kai wajen kashi 95 kafin a zuba shi a gilashi. Idan nutiron ya faɗa cibiyar litiyam-6, nan take cibiyar ke tsagewa gida biyu, hiliyam ya yi gabas, tiritiyam ya yi yamma, kowanne da ƙarfin gaske. Su kuwa masu caji ne, saboda haka suna barin sawu. Sai dai sawun ma ido ba ya ganinsa, shi ya sa ake barbaɗa wani ma'adini mai suna siriyam a cikin haɗin. Siriyam ne ke karɓar wannan bugu ya mayar da shi haske shuɗi-shuɗi mai ratsin shunayya, kamar yadda ƙyastu ke fid da tartsatsi daga ƙanƙara. Hasken ba ya kai ko kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya mutu.

Gilashi mai litiyam da siriyam an san shi tun wajen ƙarshen shekarun 1950, ana yin shi faifai-faifai. Gwanintar da nake son a gani tana wajen mayar da shi zare, domin a nan ne kowane abu da ka zuba a tukunya yake neman ɓata maka aiki.

Ka ɗauki siriyam. Yana da hali biyu. In bai sha iskar oksijin da yawa ba, yana zama a halin da yake ba da haske. In ya sha, sai ya juya ya zama mai shanye haske, gilashin ya yi ɗorawa-ɗorawa, abin da ɗan'uwansa ya haska shi kuma ya lashe. Marinan Ƙofar Mata za su gane wannan magana tun kafin a gama ta. Baba a cikin karofi sai ya ruɓa ya rabu da iska sannan yake kama tufa, kuma da ka tsamo zane kore-kore ka shanya shi a iska, a gaban idonka zai rikiɗa ya koma shuɗi. Shi marini yana neman iskar a ƙarshe, mai narka gilashin nan kuwa gudunta yake yi daga farko har ƙarshe. Dole ya narka haɗinsa cikin tanderun da aka kori oksijin daga ciki, a zafin da ya haura digiri 1,000 nesa ba kusa ba, ya kuma tsare shi a haka na sa'o'i, ba tare da kaskon narkin ya zubar da nasa dattin a ciki ba. Ɗan ɓurɓushin ƙarfe da ba zai dami mai yin kwalbar lemo ba, a nan ya isa ya kashe tukunya guda. Rairayin da muke takawa a Babura asalinsa ɗaya da silikar da ake zubawa a wannan tukunya, bambancin kawai tsarki ne, amma tsarkin nan shi ne rabin sana'ar.

Sannan ga yawan siriyam ɗin kansa. In ka ƙara, haske ya ƙaru amma ba ya tafiya da nisa, don siriyam yana ɗan cin nasa hasken. In ka rage, hanya ta buɗe amma abin da za a aika ya yi kaɗan. Kamar gishiri ne a miya, sai dai nan ba a ɗanɗanawa, sai an kaɗa zaren an gwada sannan a san ko an dace.

Litiyam kuma nasa halin daban. Gilashi, in ka bi asalinsa, ruwa ne da aka daskarar da sauri kafin ƙwayoyinsa su samu damar jeruwa sahu-sahu. Litiyam yana tsinka narkakken gilashi, ya sa ƙwayoyin su riƙa motsi da sauƙi, su kuwa da sun samu sarari sai su fara jeruwa su zama ƙananan duwatsu a ciki. Wanda ya taɓa ganin alewa ta yi gari a hannun mai dafa ta ya san irin wannan ɓacin rai: sukarin da ya kamata ya ja ya yi santsi sai ya farfashe ya koma tsaki-tsaki. Gilashin da ya yi haka ya zama hazo, haske ba ya ratsa shi, zaren kuma karyewa yake yi. Ga shi kana son litiyam mai yawa don ya kama nutiron da yawa. Abin da ke ba ka amfani shi ne ke neman kassara ka. Akan sa alumina da magnesiya don su ɗan riƙe haɗin, amma maganin gaske yana wajen lokaci. Akwai wani tsakanin zafi inda duwatsun nan ke saurin tsirowa, dole gilashi ya ratsa wurin a guje, kada ya tsaya ko gaisawa.

Daga nan sai kaɗi. Injin dogo ne, tsaye kamar hasumiya. A can sama narkakken gilashi ke tsattsafowa ta wata 'yar kafa, ɗigon farko ya yi nauyi ya faɗo yana jan wutsiya a bayansa. Wannan wutsiya ake kamawa a ɗaura a jikin gangar da ke juyi a ƙasa. Daga nan komai ya koma kan abu biyu, zafin sama da gudun ƙasa. In zafi ya yi yawa gilashi ya tsinke ya riƙa ɗiga kamar ruwa, in ya yi kaɗan ya ƙi jawuwa ko ya fara yin gari. In ganga ta yi sauri zare ya sirance, in ta yi nawa ya kumbura. Kaurin da ake nema wajen kashi ɗaya cikin takwas na milimita ne, kuma ana son ya zauna a haka tsawon dubban mitoci. Akwai na'urar haske da ke auna kaurin tana faɗa, amma na'ura sai abu ya faru take ba da labari. Ma'aikacin da ya shekara a gindin hasumiyar nan yana duban yadda bakin narkin ke lanƙwasa da irin jan da ya yi, ya san zare zai tsinke tun bai tsinke ba, kamar yadda maƙeri ke duban launin ƙarfe ya san lokacin ɗora shi a uwar maƙera. Hannun hagu na sakin auduga, na dama na murza mazari. Wallahi aikin ɗaya ne.

Kafin zaren ya taɓa komai, ko ganga ko yatsa, sai ya bi ta cikin wani ɗan mazurari ya fito sanye da riga ta roba mai laushi, irin ta silikon. Rigar tana da aiki biyu. Sabon zaren gilashi yana da ƙarfin mamaki muddin fatarsa ba ta ƙarzu ba, amma ƙura ɗaya in ta karce shi, nan zai karye wata rana. Aiki na biyu ya fi daɗin bayani, kuma kowa na iya gwada shi a tsakar gida. Da dare ka samu robar ruwa mai haske, ka huda ta a gefe kusa da gindi, ka haska tocila ta ɗaya gefen daidai saitin hudar. Za ka ga hasken ya bi ruwan da ke tsartuwa, ya lanƙwasa tare da shi, ya je ya sauka inda ruwan ke zuba. Haske in yana cikin abu mai kauri ya zo fita zuwa mai sauƙi a karkace, ba ya fita, komawa ciki yake yi. Rigar silikon ita ce ke yi wa gilashi abin da iska ke yi wa ruwan nan. Da haka ɗan hasken da siriyam ya ƙyasta yake ta karo da bango yana dawowa har ya kai baki. Kaso kaɗan ne ke shiga wannan hanya, saura ya watse, shi ya sa kowane ɗigo yake da daraja. Nasarar mutanen Richland ita ce sun kai ga zaren da haske ke tafiyar mita biyu a cikinsa da sauran ƙarfinsa. Zaren intanet yana kai haske kilomitoci, gaskiya ne, amma shi silika ce zalla ba a ɗora mata kaya ba. Wannan kuwa an cika shi da abubuwan da ke dushe gilashi, aka kuma ce ya zauna garau.

Siririntar zaren ma ba don kyau aka yi ta ba, dabara ce, kuma ita ta fi burge ni. Duniya cike take da wani haske mai ratsa jiki da ake kira gamma. Yana fitowa daga dutse, daga siminti, daga takin zamani mai fotash, har daga ayaba. In na'ura za ta yi kuka duk lokacin da ta ji gamma, motar taki ma ba za ta wuce ba, kuma mai gadin da aka tasa sau goma a banza ba zai tashi a na goma sha ɗaya ba. To, gutsattsarin da litiyam ke fitarwa ba sa tafiya ko rabin kaurin zaren, saboda haka yawanci duk ƙarfinsu a ciki yake ƙarewa, hasken ya fito da ƙarfi. Lantarkin da gamma ke tunkuɗowa kuwa mai dogon zango ne, yana ratsa zaren ya fice bai bar komai ba sai ɗan kaɗan. Da kaurin zare kawai aka raba baƙo da ɗan gida.

Saura haɗawa. Ana jera zaruruwa dubbai su zama kamar ƙyalle, a shimfiɗa su hawa-hawa tsakanin fale-falen roba irin wadda ake yin jarka da ita. Robar ba matashi ba ce. Nutiron yana fitowa ne da mugun gudu, litiyam kuwa ba ya iya cafke shi sai ya lafa. Robar cike take da haidirojin, wanda nauyin cibiyarsa kusan ɗaya ne da na nutiron, don haka kowane karo sai ya rage masa ƙarfi sosai, kamar mai gudu da ya faɗa tsakiyar kasuwa ranar cinta. Bayan karo ashirin ko makamancin haka ya dawo tafiyar da litiyam ke so. Bakunan zaruruwan kuma a tattara su dami guda, a yanke, a goge har su yi sheƙi, a manna su a fuskar wani bututu mai ninka haske, wanda ke mayar da ɗigon haske ɗaya ya zama lantarkin da za a iya ƙirgawa. Akan sa bututun a kowane gefe, kuma ba a yarda da shaidar ɗaya sai ɗayan ya ce shi ma ya gani a daidai wannan lokaci. A rufe komai cikin baƙin akwati, don ko hudar allura ta hasken rana ta isa ta makantar da shi.

Ba zan ce zaren nan ya kori hiliyam-3 ba, bai kore ta ba. In gamma ya yi yawa ƙwarai yakan ruɗe fiye da bututun iska, kuma a gwaje-gwajen da aka yi lokacin ƙarancin nan wasu dabarun, irin bututu mai shafen boron, sun sha gabansa a manyan ƙofofin bincike. Amma yana da abin da su ba su da shi. Ba iska ce a matse ba balle ta tsiyaye, yana lanƙwasuwa, ana iya naɗe shi a jikin ganga ko a shimfiɗa shi cikin jakar goyo mutum ya ratsa taro da shi, kuma jijjigar mota ba ta dame shi ba. Wanda ya san hanyoyinmu da zafin watan Afrilu ya san darajar kayan aikin da ba ya shagwaɓa.

Kada kuma a ɗauka nutiron baƙo ne a ƙasar Hausa. A Zariya, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar Sin da ta fara aiki a 2004. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne kacal, ba ta ba kowa wuta, nutiron ake nema da ita. Ana sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi a ciki, nutiron ya buge shi, daga irin hasken da ya fitar a san ma'adinan da ke cikinsa har na kashi ɗaya cikin miliyan. A 2018 aka cire mata yuraniyam mai ƙarfi aka mayar Sin, aka sa mata marar ƙarfi, kuma da hannun 'ya'yanmu a aikin. Masu ilimin muna da su. Gilashi ma ba baƙonmu ba ne, Masagan Bida sun daɗe suna narka shi suna yin munduwa da tsakiya, kuma Bahaushe ya daɗe yana saye yana kai wa gaba. Inda muka yi rauni shi ne tsakanin biyun, wato mutumin da ya san lissafin kuma hannunsa ya saba da wuta.

Tun 2021 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, ga kuma kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure ta daɗe tana yaye ɗalibai. Ba ina cewa gobe su fara kaɗa zaren litiyam-6 ba, wannan kaya ne da ƙasashe ke sa wa ido, kuma hawansa da tsayi. Amma matakin farko ba ya fi ƙarfinmu: ɗaki ɗaya mai tanderun da ke riƙe zafi, ma'auni mai gaskiya, da ƙwararren ma'aikaci da za a biya shi albashin da zai hana shi tafiya, ya shekara goma yana narka rairayin yankin nan yana rubuta abin da ya gani. Ina roƙon shugabannin makarantun nan biyu, idan an zo rabon kuɗin gini da na kayan aiki, a tuna da wannan ɗaki da wannan ma'aikaci. Ku kuma ɗalibai, kafin tsofaffin da suka rage su ajiye mazari, ku je ku zauna kusa da ɗaya ku kalli hannunta.